Wa Ya Rubuta Littattafan Sabon Alkawari, Kuma Yaushe? Tambayoyi da Amsoshi

Duk sa'ad da aka ɗauko zancen Linjila, ko a aji ko a majalisar hira, sai ka ji an zuba tambayoyi uku a tukunya ɗaya: yaushe aka rubuta littafin, wa ya rubuta shi, kuma wane kwafi ne ya iso hannunmu. Alhali kowacce hujjarta daban, ƙarfin amsarta ma daban. A nan an bi abin da masana tarihi ke kafa hujja da shi. Maganar wahayi da imani kuwa ta mai ita ce. Duk shekarun da aka ambata na miladiyya ne.

Littattafai nawa ake magana a kansu?

27 ne, su ne Sabon Alkawari, sashe na biyu na Littafi Mai Tsarki na Kirista: Linjila huɗu (Matiyu, Markus, Luka da Yohanna), Ayyukan Manzanni, wasiƙu 13 masu ɗauke da sunan manzo Bulus, wasiƙar Ibraniyawa, wasiƙu bakwai da ake jinginawa Yakubu, Bitrus, Yohanna da Yahuza, sai Ru'ya ta Yohanna a ƙarshe. Mutane daban-daban suka rubuta su a garuruwa daban-daban, kuma babu ɗayansu da ya san wata rana za a ɗinke su a bango ɗaya. Rabon surori a ƙarni na 13 aka yi shi, lambobin ayoyi kuma sai 1551.

Shi Yesu, wato Annabi Isa alaihissalam a bakin Musulmi, bai bar rubutu ba?

Babu wani littafi cikin 27 ɗin da ya ce shi ya rubuta shi. Ya yi wa'azinsa da harshen Aramaik, littattafan kuwa da Girkanci aka rubuta su, irin Girkancin kasuwa da ake ji daga Masar har Roma a zamanin. Sai dai akwai wuraren da marubucin ya bar kalmar yadda ta fito daga baki sannan ya fassara: "Talita kumi" da ya ce wa yarinyar da ta mutu, "Abba" a cikin addu'a, da "Eloi, Eloi, lama sabaktani". Markus ne ya fi adana irin waɗannan.

To wanne aka fara rubutawa? Matiyu, tunda shi ne a farko?

A'a, jerin da ke cikin Littafi Mai Tsarki ba jerin haihuwa ba ne. Wasiƙun Bulus sun girmi Linjiloli duka. Mafi yawan masana na ganin wasiƙarsa ta farko zuwa ga Tasalonikawa ce ta fi tsufa, wajajen 50 ko 51, wato kimanin shekara 20 bayan abin da ya faru da Yesu a Urushalima zamanin gwamna Bilatus, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga 26 zuwa 36.

Yadda aka sami wannan shekara abin sha'awa ne. Ayyukan Manzanni sura 18 ta ce Bulus ya zauna a Koranti shekara ɗaya da rabi, kuma an gurfanar da shi gaban wani gwamna mai suna Galiyo. A garin Delfi na ƙasar Girka aka tono gutsattsarin dutse ɗauke da wasiƙar Sarki Kalaudiyas, a ciki ya ambaci Galiyo a matsayin gwamnan yankin. Daga laƙubban sarkin da ke jikin dutsen aka gane wasiƙar ta wajajen 52 ce, kuma irin wannan gwamna shekara guda yake yi. Wannan dutse shi ne turken da aka ɗaure lissafin rayuwar Bulus: daga nan ake ƙirgawa gaba da baya. Wasiƙun Korintiyawa da Galatiyawa suna faɗowa cikin shekarun 50, ta Romawa kuma wajajen 57.

Akwai ma abin da ya girmi wasiƙun a cikin wasiƙun. A 1 Korintiyawa 15 Bulus ya ce yana miƙa musu abin da shi ma ya karɓa, sannan ya jero wasu gajerun jimloli masu kama da abin da ake haddacewa. Ke nan kafin alƙalami akwai baki.

Babu kwanan wata a jikinsu. Ta yaya ake gane shekarunsu?

Kamar yadda malami zai yi idan ya ci karo da tsohuwar takarda a gafakar kakansa, babu suna babu shekara. Zai duba wane sarki ko wane yaƙi aka ambata a ciki, domin ba a ambaton abin da bai faru ba. Zai duba wa ya taɓa kawo maganar takardar a wani littafi da aka san shekararsa. Sannan zai duba hannun rubutun da irin takardar.

Na farko yana ba da iyaka ta ƙasa, na biyu iyaka ta sama. Misali, wasiƙar da ikkilisiyar Roma ta aika Koranti wajajen 96, wadda ake kira ta Kilemen, ta ce wa masu karatu su ɗauko wasiƙar Bulus su duba, kuma ta ɗebo maganganu daga wasiƙar Ibraniyawa. Ignatiyus na Antakiya, wajajen 110, yana amfani da kalmomin da suka yi kama da na Matiyu. Shi ya sa ake ba da tazara, a ce tsakanin kaza da kaza. Duk wanda ya ba ka shekara guda cif ga wata Linjila ya faɗi fiye da abin da hujja ta ba shi.

Me ya sa kullum ake komawa ga shekara ta 70?

Domin a shekarar ne rundunar Roma ƙarƙashin Titus ta ci Urushalima ta ƙone Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa, bayan tawayen Yahudawa da ya fara a 66. Ga Bayahude na lokacin, da Kiristocin farko waɗanda da yawansu Yahudawa ne, duniya ce ta kife. Sai masana suka riƙa duba kowane littafi: marubucin nan ya san da wannan ko bai sani ba?

Markus sura 13 ta kawo Yesu yana cewa ba za a bar dutse kan dutse a Haikalin ba, har marubucin ya tsaya a tsakiyar magana ya ce mai karatu ya fahimta, kamar mai ƙyafta ido kan abin da ke faruwa a gabansu. Shi ya sa ake sa Markus tsakanin 65 da 75. Luka, a daidai wannan wuri, ya fito fili ya ce za a ga Urushalima kewaye da rundunonin yaƙi. Matiyu kuma, a misalin bikin ɗan sarki, ya sa sarkin ya aika mayaƙa sun ƙone birnin waɗanda suka ƙi gayyata, abinci na nan a ajiye. Saboda irin waɗannan alamu ake kai Matiyu da Luka shekarun 80 zuwa 90, Yohanna kuma 90 zuwa 100.

Ashe ba raina annabci ba ne a ce sai bayan abu ya faru aka rubuta?

Tambaya ce mai ƙarfi, kuma akwai masana da suka tsaya a kanta. Wani bishop ɗan Ingila, John Robinson, wanda ba a san shi da ra'ayin riƙau ba, ya fitar da littafi a 1976 yana cewa duka 27 an gama su kafin 70. Hujjarsa: babu littafi ko ɗaya da ya ce ƙarara Haikali ya faɗi. Ga kuma Ayyukan Manzanni, wanda ya ƙare Bulus yana tsare a gidan haya a Roma shekara biyu, wajajen 62, bai faɗi yadda shari'ar ta ƙare ba, bai ambaci mutuwar Bulus ko ta Bitrus zamanin Sarki Nero ba. In marubucin ya sani, me ya hana shi faɗi? In kuwa Ayyukan Manzanni na 62 ne, Luka ya riga shi, Markus ya riga Luka.

Masu ɗaya ra'ayin suna cewa burin marubucin shi ne ya kai bishara daga Urushalima zuwa Roma, da ta isa ya ajiye alƙalami. Suna kuma nuna jawabin ban kwana na sura 20, inda Bulus ya ce wa dattawan Afisa ba za su sake ganin fuskarsa ba.

A ganina hujjar ƙarshen Ayyukan Manzanni ta fi yadda ake raina ta, amma ba ta isa ta ja duka 27 zuwa baya ba. Kuma ko an bi wane ɓangare, tazarar shekara 20 ce ake jayayya a kai. Wani ɗan abu da nake so a Markus: da ya ambaci Saminu Bakurane, mutumin Libiya ta yau da aka tilasta wa ɗaukar gicciye, sai ya ƙara da cewa shi ne uban Iskandari da Rufus. Ba a gabatar da mutum da sunan 'ya'yansa sai ga waɗanda suka san 'ya'yan. Matiyu da Luka sun bar sunan uban, sun cire na 'ya'yan.

Sunayen Matiyu, Markus, Luka da Yohanna daga ina suka fito?

A cikin nassin kansa babu Linjilar da marubucinta ya ce ni ne wane. Sunayen suna kan take ne. Shaida mafi tsufa ta Fafiyas ce, bishop na Hirafolis a Turkiyya ta yau, farkon ƙarni na 2. Littafinsa ya ɓata, sai abin da Yusebiyus, marubucin tarihin ikkilisiya, ya kwafo a ƙarni na 4. Fafiyas ya ce ya ji daga wani dattijo cewa Markus tafintan Bitrus ne, ya rubuta abin da ya tuna daidai amma ba bisa jeri ba, Matiyu kuma ya tattara maganganun da harshen Ibraniyawa. Yustin, wajajen 150 a Roma, yana kiransu abubuwan tunawa na manzanni, bai jera sunaye ba. Sai wajajen 180 Iraniyus na Liyon, a Faransa ta yau, ya ambaci huɗun da sunayensu.

Mai karatun da ya saba da isnadi zai ga inda gizo ke saƙa: akwai sarƙa, amma gajeriya ce kuma da giɓi. Masu kare sunayen suna da abin faɗi. Babu kwafin da aka samu yana jingina ɗaya daga cikin huɗun ga wani suna daban. Kuma in ƙirƙira za a yi, wa zai zaɓi Markus da Luka, waɗanda ba sa cikin almajiran Yesu sha biyu, ga Bitrus ga Yakubu? Masu shakka kuma suna cewa abin da Fafiyas ya siffanta bai yi kama da Matiyun da ke hannunmu ba, wanda Girkanci ne tun asali, ba fassara ba.

Me ya sa ake cewa Matiyu da Luka sun kwafa daga Markus?

A jera su gefe da gefe a gani. Markus na da ayoyi kimanin 660, kuma kusan 600 daga ciki suna nan a Matiyu, sau da yawa kalma da kalma, da jeri iri ɗaya. Inda suka bambanta, yawanci Markus ne mai kaushi, sauran sun goge. A cikin jirgi lokacin hadari, almajirai a Markus cewa suka yi, Malam, ba ka damu ba za mu hallaka? A Matiyu ya zama, Ubangiji, ka cece mu. A garin su Yesu, Markus ya ce Yesu bai iya yin wata mu'ujiza a can ba sai kaɗan. Matiyu ya ce bai yi da yawa ba. Ya fi sauƙi a gane mai gyara kaushi da a gane mai ɓata santsi.

Akwai kuma ayoyi sama da 200 da Matiyu da Luka suka yi tarayya a kai waɗanda babu su a Markus, galibi maganganu ne kamar addu'ar Ubangiji. Masana a Jamus suka ce akwai wata tushiya ta biyu da ta ɓata, suka sa mata harafin Q. Ba a taɓa samun kwafinta ba, kuma wasu na cewa babu buƙatarta, Luka ne kawai ya karanta Matiyu.

Wannan ne ya fi nauyi a kan batun Matiyu. Labarin kiran mai karɓar haraji, wanda ake cewa labarin marubucin ne da kansa, daga Markus aka ɗauko shi kusan yadda yake, an dai mai da sunan Lawi ya koma Matiyu.

Luka da Yohanna fa?

Luka ya sauƙaƙa mana. A buɗe littafinsa ya gaya wa wani Tiyofilas cewa mutane da yawa sun riga shi rubutu, shi kuma ya bi diddigin abin da shaidun gani da ido suka miƙo. Bai ce ya gani ba. Hannu ɗaya ya rubuta Luka da Ayyukan Manzanni, wannan kusan babu gardama. Daga sura 16 ta Ayyukan Manzanni labarin yakan juya daga "suka tafi" zuwa "muka tafi", abin da ya sa aka ce abokin tafiyar Bulus ne, Luka likita. Masu ja suna nuna wuraren da littafin ya saɓa da wasiƙun Bulus, kamar yawan zuwansa Urushalima.

Yohanna ta bi hanyarta daban. A ƙarshenta an ce almajirin da Yesu yake ƙauna shi ne ya shaida ya kuma rubuta, sannan aka ce mun san shaidarsa gaskiya ce. Su wa ke cewa "mun"? Da alama wasu ne suka rufe littafin bayan shi, kuma sura 21 ta zo bayan sura 20 ta riga ta yi sallama. Sunan almajirin bai fito ko sau ɗaya ba.

Duk wasiƙu 13 na Bulus ne?

Bakwai babu mai ja: Romawa, Korintiyawa biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, 1 Tasalonikawa da Filimon. A kan Kolosiyawa da 2 Tasalonikawa masana sun rabu. Afisawa shakkar ta fi yawa: jimlolinta dogaye ne, ta jingina sosai da Kolosiyawa, kuma kalmomin "a Afisa" babu su a kwafe-kwafe mafi tsufa. Timoti biyu da Titus su ne aka fi shakka tun farkon ƙarni na 19. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmominsu ba sa cikin sauran wasiƙun, suna maganar tsarin shugabanni da dattawa kamar abin da ya riga ya zauna, kuma Markiyon, wanda ya tara wasiƙun Bulus goma wajajen 144, ba shi da su.

Amma a yi hattara da hujjar salo. Bulus shifta yake yi. A Romawa 16:22 magatakardan ya leƙo da kansa ya ce, ni Tartiyas da na rubuta wasiƙar nan ina gaishe ku. A ƙarshen Galatiyawa Bulus ya karɓi alƙalami ya ce su dubi manyan haruffan da yake yi da hannunsa. Wanda ya taɓa zama gaban mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya san saƙon naka ne, amma gaisuwar da lafazin sau da yawa na mai biro ne.

In wani ya rubuta da sunan manzo, ba a ɗauke shi ha'inci ba a lokacin?

Ana yawan cewa al'ada ce, almajiri ya girmama malaminsa. Shaidar da muke da ita daga ikkilisiya ba ta nuna sassauci ba. Tartuliyan na Kartej, wajajen 200, ya ba da labarin wani dattijon ikkilisiya a Asiya da aka kama ya ƙaga littafin ayyukan Bulus. Ya ce don ƙaunar Bulus ya yi, duk da haka ya rasa muƙaminsa. Serafiyon na Antakiya ya fara yarda a karanta wata Linjilar Bitrus, da ya karanta ta da kansa sai ya hana. Ita ma 2 Tasalonikawa tana gargaɗi kan wasiƙar da za a ce daga wurin su Bulus take.

Wa ya rubuta Ibraniyawa?

Babu suna a jikinta. Tartuliyan ya ce Barnaba, Martin Luta ya ce Afolos, an daɗe ana cewa Bulus. Orijin na Iskandariya, a ƙarni na 3, cewa ya yi Allah ne ya sani.

Wanne ne autan littattafan?

Da yawa na cewa 2 Bitrus, suna kai ta farkon ƙarni na 2. Tana maganar wasiƙun Bulus a matsayin tarin da aka sani, har ta haɗa su da sauran Nassosi, ta kuma ɗebo mafi yawan wasiƙar Yahuza. Tun a ƙarni na 4 Yusebiyus ya sa ta cikin waɗanda ake gardama a kansu, tare da Yakubu, Yahuza, da 2 da 3 Yohanna.

Ru'ya kuwa marubucinta ya faɗi sunansa, Yohanna, yana tsibirin Batmusa. Iraniyus ya ce a ƙarshen mulkin Sarki Domishiyan na Roma aka gan ta, wajajen 95. Tun ƙarni na 3 Diyonisiyus na Iskandariya ya auna Girkancinta da na Linjilar Yohanna ya ce ba hannu ɗaya ba ne.

Asalin takardun suna nan?

Ko ɗaya. Kwafin kwafi ne, sama da 5,000 da Girkanci, yawancinsu na ƙarnonin baya-baya. Wanda aka fi ambata da tsufa wani ɗan gutsuren fafirus ne, takardar Masar ta dā, da ake kira P52, bai kai tafin hannu ba, kimanin santimita 9 da 6. An saye shi a Masar a 1920, aka wallafa shi a 1935, yana ɗakin karatu na John Rylands a Manchesta. Gaba da baya yana ɗauke da 'yan kalmomi daga Yohanna 18, inda Bilatus ke yi wa Yesu tambayoyi. An daɗe ana cewa na wajajen 125 ne, amma da hannun rubutu kaɗai aka auna, shi ya sa wasu masana yanzu ke buɗe tazarar har zuwa 200. P46, mai wasiƙun Bulus, na wajajen 200 ne, wani sashe a Dablin wani a Mishigan.

Cikakken Sabon Alkawari mafi tsufa shi ne kundin Sina'i na ƙarni na 4, a kan fata, wanda wani masani Bajamushe, Tishendof, ya gano a gidan ibadar Katarina da ke Sina'i a 1844 da 1859. Birtaniya ta sayi mafi yawansa daga Tarayyar Sobiyet a 1933 kan fam 100,000.

An yi ƙari a cikin nassin?

An yi, kuma daga kwafe-kwafen ne aka gane. Markus 16:9-20 babu shi a kundin Sina'i da wani tsohon kundin da ke Fadar Fafaroma. Labarin matar da aka kama da zina, Yohanna 7:53 zuwa 8:11, babu shi a kwafe-kwafe mafi tsufa. Fassarori da yawa na zamani suna sa alama a waɗannan wurare. Mafi yawan sauran bambance-bambancen kuskuren harafi ne da tsallaken layi.

Taron Nikiya ne ya zaɓi littattafan?

A'a. Wannan taron bishop-bishop na shekarar 325 kan matsayin Almasihu da lissafin ranar bikin Ista ya zauna. Jerin 27 daidai yadda yake yau ya fara bayyana a wasiƙar Atanasiyus na Iskandariya ta 367, tarukan Hippo a 393 da Kartej a 397 suka bi. Linjila huɗu da wasiƙun Bulus kuwa sun zauna tun kafin 200.

Linjilar Barnaba da ta Toma fa?

Ta Toma tsohuwa ce da gaske: maganganu 114, an same ta da Kibɗanci a Nag Hammadi ta Masar a 1945, akasari ana sa ta a ƙarni na 2.

Ta Barnaba labarinta daban, kuma kada a rikita ta da Wasiƙar Barnaba da ke cikin kundin Sina'i. Kwafinta biyu aka sani, na Italiyanci da ke Biyana, na ƙarshen ƙarni na 16, da na Sifaniyanci. Babu na Girkanci ko Aramaik. Ta ce shekarar jubili duk shekara 100 take zuwa, alhali Attaura 50 ta ce, kuma Fafaroma Bonifas na 8 ne ya sa 100 a shekarar 1300. Ta sa Yesu ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, garin da ke kan tudu nesa da tafki. Ta kuma sa ya ce shi ba Almasihu ba ne, laƙabin da Alƙur'ani da kansa ya kira shi da shi.